Motar da Shanu Ke Lasa

A Damargu ƙarfe ba ya saurin tsatsa, don ina ruwan da zai ci shi? Shi ya sa da babana ya sayi tsohuwar a-kori-kura ƙirar Japan a Tanut, bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, injin kawai ya saurara. Bai ɗaga tabarmar da ke bayanta ba. Sai a gida muka ga tsatsa ta cinye wurin, har ana hango ƙasa.

Daga baya dillalin da ya sayar masa da motar ya faɗa mana dalili. Mai motar na farko makiyayi ne a wajen Tenhya. Ya ɗauko wa shanunsa kanwa, ya isa rijiya ya tarar duk sun mutu. Ya kasa sauke ta, har damina ta zo ta narkar da ita a cikin motar.

Babana ya shafa baƙin mai, ya yi fenti, a banza. Duk inda muka tsaya, shanun mutane su bar kiwo su zo suna lasar ƙarfen. Bai taɓa korarsu ba. Sai ya kashe injin, ya sunkuyar da kai, mu jira su gama.