Tumatirin Alhaji Uba

Duk wanda ya zauna a layinmu a Samaru ya san Mama Scholastica. Waina take soyawa a bakin titi tun ba a haife ni ba. Gajeriya ce, amma in ta ɗaga murya har Kwangila ana ji. Mijinta Baba Toma malamin firamare ne, shi ma a gida sai ya ɗaga hannu kafin ya yi magana.

Tunƙahonta ɗaya ne, shinkafar Kirsimeti. Duk shekara sai ta cika kwanuka ta aika gida-gida, na Musulmi da na Kirista. Ni da na sallami makaranta tun ba ta sallame ni ba, wannan darasin ne kaɗai ban taɓa fashi ba.

Ana gab da Kirsimetin 2004 ta je Sabon Gari ta sayo katan ɗin tumatirin gwangwani a shagon Alhaji Uba, inda ta daɗe tana ciniki. Tana buɗewa a gida sai ga gwangwanaye sun kumbura kamar kumatun mai hangum. 'Yarta Jemimah ta duba gindinsu ta ce lokacinsu ya wuce tun damina.

Mama ta mayar. Alhaji ya ce, "Haba Mama, kayan da ya bar shago ba ya dawowa. Wannan rubutun Bature ne kawai. Ni ma da shi ake min miya."

Ta ce, "To, madalla." Ta ɗauko kayanta.

Shirun nan ne ya tayar min da hankali. In babu tumatir babu shinkafa, sunan Mama ya zube a layi, cikina kuma ya shiga uku.

Ranar jajibiri na gan ta da kular abinci tana tare bas. Na bi ƙamshi. A ƙofar shagon Alhaji, gaban masu ciniki, ta buɗe shinkafa ja wur, ta soka cokali.

"Alhaji, bana kai za ka fara ɗanɗana mana. Da tumatirin nan naka na dafa. Bismillah."

To a garin nan, mutum ya kawo maka abincin sallarsa har inda kake ka ƙi ci, ka zage shi ke nan. Alhaji ya dubi shinkafa, ya dubi jama'a.

"Ina azumi."

Madam Chinelo ta shagon kusa ta leƙo. "Alaji, wane azumi ga goro a bakinka?"

Ya ɗauki cokali, ya kai har gemu, ya mayar. Sai ya shige ciki da kansa ya fito da sabon katan yana goge zufa.

Mama ta ce, "Tsohon zan aiko. A gabanka za a fasa a zubar, kada ka manna wa wata."

A bas na ce, "Mama, wannan kular fa? Asara ke nan?"

"Ɗanyen tumatir na niƙa, ɗan nema. Ni zan ba mutum guba? Ƙaryar kuwa gobe na nemi gafara a coci."

Kafin mu kai Samaru na ga gindin kula.

Washegari ta aika wa Alhaji kwanonsa kamar kullum. An ce sai da ya tambaya daga wane katan ne kafin ya sa hannu.