Burushin Wutsiyar Sa

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, kuma ba cika baki ba, a shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori babu mai haɗa kumfar aski kamata daga Talata Mafara har Maradun. Mahaifina can Bakura ruwa zalla yake shafa wa mutum a ka ya ɗora aska. Haka ya koya mini, haka ya miƙa mini zabirarsa, jakar askakenmu ta gado. Kumfa kuwa wurin kukun wani Bature na koya, a barikin ma'aikatan dam. Na yi wa kukun ƙaho ciwon bayansa ya lafa, shi kuma ya ba ni tsohon burushin maigidansa tukwici.

Abin ba wuya, haƙuri kawai yake so. Ka jiƙa burushi a ruwan ɗumi, ka yarfe, ka murza shi kan sabulu har bakinsa ya ɗauka. Sai ka koma cikin ƙoƙo kana juyawa, kana ɗiga ruwa da yatsa. Mai gaggawa kwarara ruwa yake yi, ya sami kumfar wanki mai manyan idanu, kafin ya wasa aska ta bushe. Tawa kauri take yi kamar kindirmo, ko ka kifa ƙoƙon ba ta zuba. Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, direbobin tifa da leburori layi suke yi a rumfata, ni kuwa kaina ya fara girma.

Wata Talata wani direba mai zuwa kurmi ya ɗauki burushin, ya juya shi, ya yar.

"Wanzam, ka san gashin mi ne wanga? Na alade ne!"

Innalillahi! Mutumin da ke gabana, rabin fuskarsa kumfa, ya zabura ya nufi rijiya. Wani ya ce sallolinsa fa, wani ya ce Allah ya isa. Na yi gardama har muryata ta dushe, na tafi bariki in wanke kaina. Kuku ya tambayi maigidansa, ya dawo yana sosa ƙeya. Gaskiya direba ya faɗa. Ban ɓoye ba, a tsakiyar kasuwa na faɗa da bakina, na ƙone burushin kowa na gani. Duk da haka ba wanda ya sake zama a tabarmata, ko da askin ruwa zalla.

Mahaifina ya aiko in je. Ko gaisuwata bai amsa sosai ba.

"Kasuwa biyu na ba ka," in ji shi. "In mutane ba su dawo ba, ka miƙa wa ƙanenka zabira, ka tafi dam ka ɗauki kwanon leburanci kamar kowa."

Wallahi na ji zafin maganar nan fiye da zagin kasuwa. Amma ni na san laifin gashi ne, kumfa ba ta yi wa kowa komai ba. Na je wurin mahauci na ce ya ajiye mini tukkun wutsiyar sa. Na wanke shi da toka, na tsefe, na datse daidai, na ɗaure da zaren fata cikin guntun gora. Na farko ya zube a ƙoƙo gashi-gashi. Na biyu ya riƙe, har ya fi na Bature laushi.

Talatar farko ni da ƙuda muka wuni. Talata ta biyu na zauna ina haɗa kumfa ni kaɗai, mutane na leƙe daga nesa kamar mai wasa da maciji. Wajen azahar sai ga mahaifina da ƙanena, sun zo karɓar zabira. Ya tsaya kaina, ya dubi ƙoƙon, ya dubi abin da ke hannuna.

"Wanga kuma gashin mi ne?"

"Wutsiyar sa ce, Baba."

Mahauci daga rumfarsa ya ɗaga wuƙa ya ce, "Ni na yanka shi da hannuna, Baba, da bisimilla! Ga ma wanda ya ci namansa nan tsaye."

Aka yi 'yar dariya. Mahaifina bai yi ba. Ya tsoma yatsa cikin kumfar, ya murza, ya daɗe yana murzawa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun wani a kansa ba sai na amininsa, wani tsohon wanzami na Damri. Sai kawai ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmata, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To, mi kake jira? Sai ta bushe?"

Na shafa masa kumfa tun daga goshi har ƙeya. Mutane suka matso, har direban nan. Na zaro aska, ni da ban taɓa yanka kowa ba, sai ga hannuna yana rawa. Ya ji shi a fatar kansa. Bai waiwayo ba, ya ce da ni a hankali yadda ba wanda zai ji:

"Riƙe hannunka, ɗan nan. Mutane na kallonmu."