Sunan da Atu Ba Ta Faɗa

Atu mai daddawa ta Sanyinna kakata ce, kuma ban taɓa ganin mace mai baki irin nata ba. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma ranar kasuwar Tambuwal har mahauta shakkar ciniki da ita suke yi.

A zaɓen da aka yi gab da samun mulkin kai, maza kaɗai ke jefa ƙuri'a a Jihar Arewa. Mijinta Namadi ya zura babbar riga ya tafi, ya bar ta bakin tukunyar kalwa tana mita. Wai rabin garin da daddawarta suke miya, amma ba mai tambayarta wa take so. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Sai da ta tsufa, Namadi ya rasu, sannan aka ce matan gari ma su zo a rubuta su don zaɓe. Ta riga kowa isa makarantar firamare, ita da aminiyarta Kulu. Malam Sambo mai rajista ya rubuta sunanta, ya ɗago kai.

"Inna, sunan maigida fa?"

Atu ta kau da kai. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, yana raye ko yana ƙasa.

"Ɗana, wanga suna ba ni faɗinai."

"To ga alƙalami, Inna, rubuta da kanki."

"Da na iya, mi nika yi gabanka?"

Malam Sambo ya ba ta haƙuri, ya ce ba suna, ba kati. Ta koma gefe idonta ya cika da ƙwalla. Har yau in na tuna sai tausayinta ya kama ni. Tsofaffin da ke bayanta suka fara sulalewa, don tambayar nan na jiran kowacce.

Sai Kulu, wadda magana ba ta dame ta ba, ta matso.

"Malam, Namadi sunanai. Ni ai ba mijina na ba."

Atu ta share ido da gefen mayafi. "Nata kuwa Bube, kuma rowa garai."

Aka kwashe da dariya. Masu tafiya suka dawo bibbiyu, kowacce na faɗin na 'yar'uwarta.

Ranar zaɓe ta dawo gida tana nuna wa kowa tawadar yatsanta. Na ce, "Kaka, wa kika zaɓa?"

Ta harare ni. "Na kakanki ma ban faɗi ba, balle wanga."