Fis ɗin da Alhaji Ya Cire

Mun tashi da asuba daga Zongon Agoe, motar tana ɓari kamar mai masassara, fitilar nan ta gargaɗi mai ruwan ɗorawa tana kunne a gaban sitiyari, sati na biyu ke nan. Babban ɗana ne ke tuƙi, ni ina gefe da carbina da ciwon gwiwata. Na san wasunku za su ce daga Agoe zuwa cikin Lome ai ba tafiya ba ce. To, ku bari sai kun kai shekaruna.

Motar ta marigayi Alhaji ce, maigidana. A bakin tashar jirgin ruwa ya saye ta, irin waɗanda Turawa suka gama hawa suka turo mana. Ita ta kai ni Sokode ban san sau nawa ba, ita ta kai shi asibiti tafiyar da bai dawo ba. Da tsohon bakanikensa yana raye, kunne kawai yake karawa a jikin inji ya gaya maka abin da ke damun ta. Shi ma bara ya bi Alhaji. Na yanzu kuwa sai da na'ura, wadda suke ce wa balis. A jona ta a wani ɗan rami ƙarƙashin sitiyari, wai mota ta faɗi ciwonta da bakinta. Ɗana ya riga ya yi magana da wani mai sayen tsofaffin motoci yana feɗe su, zai zo bayan la'asar. Ya ce, "Mma, in yau ba ta yi magana ba, a bar ta ta tafi." Shi ya sa na yafa mayafina. Ba za a yanke mata hukunci ba na nan ba.

Titin Agoe na da, in ka tsaya kana iya ƙirga motocin da suka wuce kafin ka gama cin goro ɗaya. Yanzu 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, sun cika shi kamar kiyashi sun ga sukari, kowa da hular kwano, kowa yana zagin na gabansa. Inda muke yanko ciyawar awaki duk ya zama benaye. Muka tsaya shan koko. Ƙosan da aka ba ni na dala ashirin, sefa ɗari ke nan, wallahi da a zamaninmu ne kyauta ake ɗora wa yaro shi don ya daina kuka. Muna ci ɗana yana mita, wayarsa ta kusa mutuwa, wai tun da ya gaji motar nan ramin cajin bai taɓa yi masa aiki ba ko sau ɗaya. Na ce ubanka bai mutu don rashin caji ba, ja mu je.

Garejin farko a Kakaveli yake, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Bakaniken ya fito da nasa balis ɗin, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, wanda sai an haɗa shi da waya. Ya durƙusa ya jona. Ya ce a murɗa makulli amma kada a tayar da inji. Aka murɗa. Wayar ta yi ta juyi, shiru. Ya cire ya hure ramin, ya haska, ya duba ko wani haƙori ya lanƙwashe. Ya gwada batir, ya ce batir lafiya. Ya kashe wayar ya kunna. Shiru dai. Na ce ya gwada a wata motar mu gani, don ni ban yarda da kwalin ashanar ba. Ya gwada a ta kusa, nan take ta kama. Sai ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Hajiya, kin gani. Ƙwaƙwalwar motarku ce ta mutu."

Na ce, "Ɗan nan, matacciyar ƙwaƙwalwa ce ta kawo mu nan tun daga Zongo?"

Jaka biyu dai ya karɓa na durƙuso.

Muka gangaro ta Tokoin, muka haye tafki, warinsa yana nan yadda na bar shi. Na sa ɗana ya bi ta inda tsohon Zongo yake kafin a kwashe mu a kai mu can bayan gari. Bankuna ne yanzu, masu gilashi tun daga ƙasa har sama. Na nuna masa wata kwana na ce, nan rumfar kakarka take, nan aka yanke maka cibiya. Wani mai gadi yana tsaye daidai wurin da murhunmu yake, yana hamma. A nan Alhaji ya fara gani na ina tallar tuwo, ya saya sau uku a rana ɗaya, mutumin da ko malmala ɗaya ba ya iya gamawa. Ɗana ya ce, "Mma, ana mana oda a baya." Na ce su yi, ni na riga su zuwa wurin nan.

A Nyekonakpoe muka ci ayimolu, shinkafa da wake da yaji mai sa hawaye, ya yi mini daidai don dama ina neman abin da zan ɗora wa laifi. Ɗana ya ce shi ya gaji da biyan kuɗin durƙuso, zai sayi nasa balis ɗin ko don motar shagonsa. Muka shiga wani kanti. Mai kantin mace ce, 'yar ƙabilar Mina, ta kai shekara arba'in, Hausarta ta kasuwa ce amma tana fita. Ta jera mana iri uku. Ga kwalin ashana mai araha, ta ce yana yi, sai dai rabin wahalarsa haɗa shi da waya ne. Ga wani babba kamar allo, idon ɗana ya maƙale a kansa, sai ta ce na masu gareji ne, duk shekara sai ka sake biya kafin ya ci gaba da wayo. Ga na tsakiya mai igiya da fuskarsa, ba ruwansa da waya, ta ce shi ya fi sabawa da tsofaffin motoci. Ta ƙara da cewa kada mu biya ko dala sai an gwada a motarmu. A nan na san da mutum nake magana.

Ta fito da kanta ta jona. Fuskar na'urar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ɗana ya duba agogo. Matar ba ta ce ƙwaƙwalwa ba. Ta ce, "Wannan ba rashin jituwa ba ne, wuta ce ba ta zuwa ramin sam. Abin kunna sigarinku yana aiki?" Ɗana ya ce ramin caji? Bai taɓa yi ba. Ta ce a motoci da yawa fis ɗaya ke ba su wuta su biyun.

Sai na tuna. Alhaji ya taɓa ɗaukar wani direba, mutumin kirki, amma mashayin sigari na ƙin ƙari. Ya yi masa nasiha, ya yi faɗa, ya ƙwace ashana, duk da haka motar tana dawowa tana wari. Wata rana na gan shi kwance a ƙarƙashin sitiyari da babbar riga, ya fito yana dariya shi kaɗai, ya ce, "Yau na yi maganinsa." Ban tambaya ba. A lokacin ba a tambaya.

Matar ta ɓalle murfin akwatin fis. Gurbi ɗaya babu kowa. A bayan murfin kuwa ga wata 'yar takarda an manne ta, ta yi ja don tsufa, da fis shuɗi a naɗe a ciki. Da ajami aka yi rubutun. Ɗana da duk Faransancinsa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini. Ni sai bayan rasuwar Alhaji na shiga makarantar mata, ban taɓa karanta hannunsa ba sai ran nan, a bakin titi, 'yan zemijan suna wucewa. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: "Na sigari ne. Kada a mayar."

Shekara arba'in ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na ce, "Alhaji, ka yafe mini." Na miƙa wa matar fis ɗin na ce, "Mayar, 'yata."

Na'urar ta kama haske. Ta yi ɗan tunani, ta fito da wasu lambobi, matar ta ce wuta ce ba ta kamawa a tukunya ɗaya ta injin, a fara duba fulogi. Bakaniken da ke maƙwabtaka da ita ya canza, ɓarin ya tsaya, matar ta kashe fitilar nan da na'urar. Ɗana ya sayi mai igiyar, ya kira mai feɗe motoci ya ce kada ya wahalar da kansa.

Mun shigo Zongo ana kiran la'asar, motar tana tafiya sumul, wayar ɗana tana cin caji a karon farko, shi kuma baki har kunne. Abin da na koyo, kafin ka ce abu ya mutu, duba ko wani ne ya toshe masa baki, kuma ka tambayi tsofaffin gida tun suna nan. Da ya tsaya a ƙofar gida na ce kada ya kashe tukuna, ya durƙusa ya cire fis ɗin. Ya ce, "Mma, cajin fa?" Na ce in balis ɗinka zai yi magana ka zo ka ara. Ya ciro fis ɗin, na naɗe shi a takardarsa, na manna a bayan murfin da hannuna.