Albarkar da Baba Ya Ce a Ofishin Noter

Mahaifinmu dillalin shanu ne a Sokodé, kuma duk kasuwancinsa bai wuce 'yan kalmomi ba. Mai saye ya yi tayi. In tayin bai kai ba, a ce masa "albarka", wato a'a ke nan cikin ladabi. In ya kai, mai kaya ya ce "na sallama", a tafa, dillali ya karɓi la'adarsa. Har gida kalmomin nan suke biyo shi. Inna ta ce a ƙara mata nama a cefane, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Albarka." Ta bi shi da harara, mu kuwa mu yi ta dariya.

Ni boko ya kai ni Dapaong, ofishin wani kamfanin sufuri, na cika bakina da kontira da garanti da sinye, wato yarjejeniya da lamuni da sa hannu. Baba yakan ce kalmomina duk na mutanen da ba su yarda da juna ba ne. Ni kuma in tuna masa cinikin baka nawa ya ƙare a gaban alƙali. Ba mu taɓa shiryawa a kan wannan ba, kuma wallahi ina kewar gardamar.

Bayan rasuwar Inna gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, gidanmu na unguwar Kpangalam ya yi masa girma. Muka shawo kansa ya dawo wurina, a sayar da gidan. Wanda ya taya wani direba ne Bakotokole, ɗan ƙabilar garin, wanda ya daɗe yana kai wa Baba shanu kudu. Mutumin kirki, yana zaune da iyalinsa a ɗakin haya mai yoyo.

Muka je wurin noter, mai tabbatar da cinikin gida a hukumance. Aka karanta kontira da Faransanci ina fassarawa, Baba ya dangwala yatsa, aka buga hatimi. Direba ya miƙo hannu don a tafa. Baba ya kalli bango ya ce, "Albarka."

Noter ya yi murmushi, ya zaci addu'a ce tsoho ya yi. Direba kuwa a kasuwar shanu ya koyi Hausarsa. Ya janye hannunsa a hankali.

Da muka fito ya ja ni gefe. "Yaya, Baba bai sallama ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ka biya, an buga hatimi. Ko kotu aka je, gidanka ne. Ka kwashe yaranka ku shiga."

Ya ce, "Takarda ce ta sallama. Baba bai sallama ba."

Ya karɓi makulli, amma bai tare ba. Duk Juma'a yakan je ya share tsakar gida, ya kulle, ya koma ɗakinsa mai yoyo. Damina ta zo ta wuce a kansu. Matarsa ta kira ni a waya ta zazzage mini, kuma da gaskiyarta. Ban taɓa ganin masu taurin kai irin Baba da direban nan ba.

A Dapaong kuwa Baba ya sami inuwa a ƙofar gidana ya zauna, yana kushe komai. Kokon garin ruwa ne, shanunsu ramammu ne, tumatirin Korbongou kaɗai ya yarda ya yaba. Wata rana na tsare shi na ce, "Baba, kalma ɗaya ce fa. Mutumin nan yana wahala."

Can ya ce, "Ban ce gidana ne ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga uwarku a bakin murhu. Bakin ne ya ƙi."

Tausayinsa ya kama ni, ban sake tayar da maganar ba.

Da zafi ya shigo, wata rana da hantsi sai ga motar direba ta tsaya a ƙofarmu, zai wuce iyaka da kaya. Ya sauko da kwando a ka, ya durƙusa ya gaida Baba, ya buɗe. Mangwaro ne, na bishiyar da Inna ta dasa a bakin rijiyarmu. Tun daga nesa na gane ƙamshinsa.

"Baba, mangwaronka ya nuna. Na kawo maka kayanka."

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu. "Yaranka sun sha?"

"Ba su taɓa ba, Baba. Ba namu ba ne tukuna."

Nan Baba ya harzuƙa, irin harzuƙar da ban gani ba tun yana da ƙarfi. "Kai wane irin mutum ne? Mangwaro yana zuba yara suna kallo? Matar da ta dasa bishiyar nan ba ta taɓa korar ɗan kowa daga gindinta ba!" Ya yi ta haki. Sannan ya miƙa hannu. "Kawo hannunka. Na sallama. Allah ya sa ku shiga lafiya."

Suka tafa. Direba ya share ido da gefen rawaninsa, sai kuma ɗan kasuwar da ke cikinsa ya motsa. "To Baba, gyara fa?"

Baba ya kece da dariya. "A ina ka taɓa ganin an ba da gyara a cinikin shanu?" Ya tura masa kwandon da ƙafa. "Ga gyararka nan, kai wa yara."

Ɗaya kawai ya riƙe. Na kawo masa wuƙa ya ce in bari. Har aka kira la'asar mangwaron yana hannunsa, yana kai shi hanci yana saukewa, bai yanka ba.