Neman Dokin Baba da Idon Mai Raguna

Tashi daga Gummi

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da Kawu Bawa, ƙanen Inna. Baba ne ya fitar da mu. Damina biyu ke nan ciwon gwiwa ya hana shi ganin gonarsa ta shinkafa a fadama, babur kuwa ya rantse ba ya ƙara hawa tun da wani ɗan kabu-kabu ya zubar da shi cikin laka. Kullum yana zaure yana tambayar masu wucewa ko shinkafa ta fid da kai. Abin yana cin raina ƙwarai, don haka da ya ce doki yake so ba wanda ya yi musu.

Baba ya hau doki da ƙuruciya, ya kuma ja mini kunne: "Ba na sukuwa nika so ba, ba na ado ba. Na tahiya. Gadon baya gajere, kofato mai faɗi, ƙafafu miƙe, ido mai sanyi."

Inna ce ta haɗa ni da Kawu, wai ya san dabba. Dabbar da ya sani kuwa rago ne, tun ban da wayo yake dillancinsu.

Bukkuyum

An cusa mu cikin bas tare da buhunan wake da wata akuya mai ƙorafi. A shingen farko jami'i ya tambayi inda za mu, Kawu ya ce sayen doki. Ya dubi tumbin Kawu, ya ce Allah ya ba dokin haƙuri, ya ɗaga mana hannu.

Da hantsi muka isa rugar wani Bafulatani mai suna Jauro a bayan gari. Dawaki biyu gare shi. Na farko baƙi ne, dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, hanci a buɗe yana huci. Ko ni na san wannan na sukuwa ne, in Baba ya hau shi sai dai mu je nemansa a Kebbi. Na biyun ɗan ƙarami ne ja, ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma baya gajere, kofato kamar faranti, yana kallonmu a natse. Raina ya ce ga dokin Baba.

Kawu bai ko dubi ƙafafun ba. Zagawa bayan jan dokin ya yi, ya damƙi gindin wutsiya yana latsawa, yadda ake jin kitsen ragon layya. Jauro ya ce, "Kai, Malam, tashi nan!" Kafin ya rufe baki dokin ya saki ƙafa. Allah ya taƙaita, hular Kawu kawai ta tashi sama.

"Ka gani?" in ji Kawu yana kaɗe hula. "Babu kitse, babu hankali. Dabba in ta rame, mugunta ka cika ta."

Na ce, "Kawu, ko ni aka latsa haka sai na yi harbi." Bai saurare ni ba. Muka kwana gidan wani abokin cinikinsa, tuwon dawa da miyar kuka, sauro kuma ya yi nasa tuwon da mu.

Anka

Washegari muka sauka gidan wani Alhaji Umaru. Ana fito da dokin da zai sayar, Kawu ya yi kabbara. Fari ne tas, kuturi, wato ƙugunsa, ya cika dam, wuya a lanƙwashe, geza har kafaɗa. Wani mutum na gefe yana taɓa kalangu, na ɗauka biki ake yi a maƙwabta. Dokin ya yi ta taku ɗaya-ɗaya gwanin sha'awa.

Tsakani da Allah, Alhaji bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Wanga dokin rawa na. Angwaye ka hawanai. Ba dokin hanya ba na."

Na nuna wa Kawu bayansa dogo ne har ya ɗan lotsa, kofato ƙanana. Shi kuwa ya latsa gindin wutsiya, yatsunsa suka nutse, dokin ko motsi bai yi ba.

"Ka ji sanyin hali! Yaro, ni da kai wa ag girmi wani?"

Haushi ya kama ni har wuya, amma kawu kawu ne. Aka yi ciniki. Wajen loda shi a a-kori-kura ya kafe, mutum biyar suna turi. Direba ya gaji ya kunna rediyo, ana cikin kiɗa, sai ga doki ya haye da kansa yana gyaɗa kai.

Gida

Da safe Baba ya dogara sanda ya zagaya dokin, ya ɗaga kofato, ya shafa baya. Sannan ya dubi surukinsa. "Bawa, layya za mu yi da shi?"

Duk da haka ya ce a ɗaura sirdi. Muka ɗora shi. Ya kaɗa linzami, shiru. Ya zunguri ciki da likkafa, dokin ya yi hamma. Na ga fuskar Baba ta sauya, ya fara laluben inda zai sauka, wallahi kamar in yi kuka.

Sai na tuna kalangu da rediyo. Na sunkuci jarkar ruwan Inna na dangwara wa Kawu. "Kai ka zaɓa, kai za ka kaɗa."

Kawu ya buga sau biyu, kunnuwa suka miƙe. Ya ƙara, sai ga doki ya taho a karkace, taku biyu gaba, ɗaya gefe, Baba a sama yana rangaji kamar ango. Mata suna leƙe ta katanga, har wata ta rangaɗa guɗa. In Kawu ya tsaya share gumi, doki ya tsaya. Tafiyar da ba ta kai a shanye koko ba, sai dab da azahar muka ƙare ta.

A bakin gona Baba ya sunkuyo daga kan sirdi, ya kama kan shinkafa ɗaya, ya murza a tafinsa, ya sansana. Sai ga hawaye na bin gemunsa. Ni dai godiya nake ga Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu, har ya nuna mini wannan rana.

Can Baba ya share ido ya waiwayo. "Bawa, gobe ka taho da wuri. Kuma ka nemo jarka mai daɗin murya, wagga ta cika kauri."