Mamarin Kawu Hamidu a Bamboi

Asabar: Kumasi zuwa Bamboi

Ƙarfe biyar da kwata, muna idar da sallar Asuba, muka bar Zongo ni da Kawu Hamidu, yayan mahaifiyata. Ɗan kasuwa ne, amma kamun kifi ne abin da ransa ke so. A da duk rani sai ya je kogin Bamboi ya kwana uku, don nishaɗi kawai. Rabonsa da can ya kai shekara goma sha biyar. Yanzu idonsa ya kusa rufewa, likita ya ce ba abin yi, shi ne ya kafe sai na kai shi ya ciro kifi da hannunsa ko sau ɗaya ne.

A tashar Race Course muka shiga motar garin Wa, ba ta cika ba sai shida da rabi. Tara da minti ashirin muna Techiman, muka sha koko da ƙosai na sidi goma sha biyar, kuɗin Ghana. A shingen da ke gaba ɗan sanda ya buɗe jakar Kawu ya ce, "Alhaji, wannan fa?"

"Mamari ne. Igiya ɗaya, ƙugiya sittin."

Direba ya yi dariya. "Baba, kifi a Bamboi? Tun da aka yi dam a sama, babu komai koraa, ko ɗaya!"

"Kai dai kula da titi," in ji Kawu.

Sha biyu saura kwata muka sauka. Masaukinmu zauren Malam Isufu ne, tsohon abokin Kawu, masunci a da, yanzu mai sayar da gawayi. Bayan La'asar muka shiga kwalekwale. Kawu ba ya gani sosai, amma shi ke ba da umarni: a wuce dutsen nan, a ɗaure a saiwar can, a wannan watan ruwan wurin yana kai wuyan mutum. Muka shimfiɗa mamarin inda ya ce.

Lahadi: bakin kogi

Ƙarfe shida na safe muka koma, na tsaya baki buɗe. Ruwan ya janye, mamarin na kwance a kan taɓo, shirwa na tsintar abincin da muka sa wa ƙugiyoyin. Kawu ya tsugunna ya shafa ƙasa, ya ce, "Isufu, ina kogin?"

"Hamidu, ruwan nan ba ya bin wata yanzu, makunni yake bi. In birni na son wuta su buɗe dam, in sun ƙoshi su rufe. Kifi ya yi ƙwai a ciyawa, gari ya waye ƙwai yana shan rana. Ragowar ruwan kuma, masu galamse, mahaƙa zinariyar nan, sun dama shi sosai paa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni tela ne, da wutar nan keken ɗinkina ke aiki, ban ce a rushe dam ba. Amma a ce kogi guda ana kunna shi ana kashewa kamar famfon bayan gida, kuma ba wanda ya ga masunta sun isa a gaya musu lokaci? Mutanen da suka ci suka sha a ruwan nan sun koma sare itace, sannan a zo a ce su ne masu ɓata daji!

Da yamma ruwa ya dawo, muka sake shimfiɗawa, a wuri mai zurfi. Malam Isufu ya ja ni gefe ya ce ko kwana bakwai za mu yi, wahala ce. Ya ce akwai mai kiwon kifi a bayan tasha. Na san ba daidai ba ne, amma na je na sayo tarwaɗa mai rai, sidi sittin, muka ɓoye ta a bokiti.

Litinin: komawa gida

Da sassafe Malam Isufu ya riga mu zuwa ya maƙala tarwaɗar a ƙugiya. Kawu na jan igiya ya ji motsi, fuskarsa ta washe, ya yi kabbara. Ya rungumo ta, ya shafa kanta, ya latsa cikinta, ya kai ta hanci. Sai ya miƙo mini ita. Muka hau motar tara da rabi.

Uku da rabi muka iso Zongo. Gwaggo, matarsa, ta tare mu da guɗa, maƙwabta suka taru. Kawu ya ɗaga kifin ya ce, "Da hannuna na ciro shi." Aka yi ta barka.

Da tsakar gida ta watse ya kamo hannuna ya rage murya. "Tarwaɗar kogi cikinta tauri gare shi, saboda kokawa da ruwa. Wannan a kwamin siminti ta girma, har warin abincin buhu take yi. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kada Gwaggonka ta ji."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Isufu da masauki. Miyar kifin kam, da aka kawo ta, na kasa ci.